Sai An Yi Wata

Wurno,
Lahadi, 3 ga Nuwamba

Kawu Mode,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, kai da Inna Sabuwa da sauran mutanen gida a Goronyo. Yaya kunnen? Ina fata maganin ɗigawa da na aiko ya rage maka ƙarar da kake ji. Mu nan lafiya lau. Rumaisa ta yi zazzaɓi kwana biyu amma ta warware, har ta koma makaranta. Uwarta Sharifa tana gaishe ku.

Tun da waya ba ta yi maka amfani yanzu, na ga gara in rubuta komai a takarda in ba Sa'adu direba, ka karanta a natse.

Dokinka ya zo na ɗaya jiya a filin Wurno. Dawaki tara ne, zagaye uku. Bikili yana na huɗu har aka shiga zagayen ƙarshe, sai Lawwali ya kwanta a wuyansa ya sakar masa linzami. Ɗan ƙanwarka ya iya hawa, wannan ba na musu. Ni ina tsaye bakin igiya da agogo a hannu, na manta ban ma duba shi ba. Mutane sun yi ta tambayata dokin wane ne, na ce na Mode na Goronyo ne, ni mai turke ne kawai.

Ga abin da ya zaunar da ni rubutu. Ka san aikina a asibiti rubuta kati ne, hannuna ya saba, shi ya sa tun ranar da ka kawo mini Bikili bara nake da littafinsa. Abin da na shigar ke nan:

Asabar, bayan gudu. Numfashinsa bai koma daidai ba sai bayan minti arba'in. A sukuwar da ya yi kafin azumi, minti ashirin da biyar ne.

Lahadi, bayan sallar asuba. Ya bar kusan rabin dawarsa. Harawa ya ci. Ya sha ruwa sosai. Na shafa ƙafafunsa huɗu kafin ya motsa. Ta gaba ta hagu, a jijiyar baya, kamar tafin hannu ɗaya sama da kofato, ta fi ta dama ɗumi.

Ba ya ɗingishi, babu kumburi. Na taɓa sau uku, a na ukun ban tabbata ba ko ɗumin hannuna nake ji. Ni ban tashi cikin dawaki kamar ku ba. Abin da na sani shi ne ɗan abin da ka koya mini, sai abin da nake gani da idona, wanda ba kullum nake yarda da shi ba.

Lawwali yana so a kai shi sukuwar Magarya Asabar mai zuwa. Ya ce yanzu jikinsa ya buɗe, in aka ɗaure shi zai yi nauyi. Na ce kwana bakwai ne kawai tsakani, kuma doki ba nawa ba ne, ba nasa ba ne. Don Allah ka faɗa mini ko za a kai shi, da kuma hutun da ya kamace shi kafin ya sake gudu. Na ji ana cewa in jijiyar nan ta tsinke a cikin gudu, doki ya gama har abada.

Kai da marigayiya mahaifiyata kaka kawai kuka haɗa. Kana da waɗanda suka fi ni kusa, amma ni ka ba amanarsa. Ba na so ta lalace a hannuna.

Ɗanka,
Shafi'u


Goronyo,
Talata

Shafi'u,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso hannuna. Lahiya lau muke. Kunne shina nan yadda ka san shi, magani ya ƙare, ƙara ba ta ƙare ba. A gaida Sharifa, a ce ma Rumaisa Allah shi ƙara sauƙi.

Na karanta labarin gudu sau biyu. Na biyun da ƙarfi na karanta ma Sabuwa, ta ce har masu wucewa ta bayan gidanmu sun ji. Na ji daɗi ƙwarai. Shekara tara rabon da dokina shi zo na ɗaya ko'ina.

Batun ɗumi, kada ka tada hankalinka. Dokin da ya yi zagaye uku dole ƙafarshi ta yi ɗumi. Ka riƙa kai shi gulbi da hantsi shi tsaya cikin ruwa har gwiwa. Ka jiƙa mai dusa da kanwa kaɗan, dawa za ta shiga. Agogonka kuma ka rage dubanshi, doki ba majinyaci ba ne.

Sukuwar Magarya ta wuce shi. Hilinsu tsakuwa gare shi, kuma ba kowa ka zuwa ba. Ka gaya ma Lawwali in ji ni. Kada Bikili shi sake taka hili sai an yi wata.

Ruwan dam ya ja baya, mun soma dashen albasa. Gwiwa ta hana ni duƙawa, sai dai in zauna gindin bishiya in yi ta nuna ma mutane kuskurensu.

Kawunka,
Mode


Wurno,
Juma'a, 8 ga Nuwamba

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya, kai da Inna Sabuwa, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Zan nemo wani maganin kunnen in aiko. Mu duk lafiya.

Na gode da amsa. Ina kai Bikili gulbi kowace hantsi, yana tsayawa minti ashirin. Dusa da kanwa sun yi aiki, tun Laraba yake cinye dawarsa.

Amma wata magana ta taso, kuma a kan takardarka ce. Jiya Lawwali ya zo daga Rabah a kan babur. Na nuna masa abin da ka rubuta. Batun Magarya bai ja ba, ya ce dama filin ba ya burge shi. Sai ya fito da abin da ya kawo shi: Alhaji Abdulƙadir na Rabah ya shirya babbar sukuwa ranar Asabar, sha shida ga wata. Dawaki za su zo daga Gwadabawa da Illela. Lawwali har ya ba da sunan Bikili.

Na ce, "Ai ba zai yiwu ba. Kwana goma sha huɗu ke nan da gudun Wurno. Kawu ya ce sai an yi wata."

Ya karɓi takardar ya sa yatsa a kan layin. "To ga ta nan an yi. Ta Magarya ta wuce shi, sai an yi wata. Wata sukuwa. Mi ya rage?"

Na ce, "Wata ya ce, na sama. Kwana talatin. Na tambaye shi hutun da ya kamaci doki, ya ba ni amsa."

Ya yi dariya har ya dafa turke. "Malam Littafi, kai ko gaishe ka anka yi sai ka duba shafi ka ga ko ka kwana lahiya. Mutum shina maganar sukuwa, ya ce wata, kai ka ɗaga kai kana duban sama."

Muka yi ta karanta layin da baki, shi da muryarsa, ni da tawa. Da a gabanmu ka faɗe shi da ba mu yi gardama ba, don a baki kalmomin biyu ba su yi kama ba. A takarda kuwa haruffa huɗu ne, iri ɗaya. Na kira Sharifa ta raba mu. Ta karanta ta ce da ni, "Kai ke da gaskiya." Ta sake karantawa ta ce da Lawwali, "Kai ma haka." Ta koma wajen tukunyarta.

Lawwali ya ce shekara talatin kai da Alhaji Abdulƙadir kuna gwada dawaki, kuma sau uku a jere nasa na cin naka kafin ka daina zuwa. Ya ce ba yadda za a yi ka sami doki irin Bikili ka ce a ɗaure shi ranar. Wannan ya shige ni, don ya fi ni saninka. Ya kwance dokin ya zaga da shi tsakar gida, ya ɗaga ƙafar ya matsa jijiyar, Bikili ko kunne bai kaɗa ba. Ya ce, "Ina ciwon?"

Ban iya nuna masa ba. Da rana babu shi. Ga abin da ke littafi:

Litinin, asuba. Hagu ta fi ɗumi.
Talata, asuba. Haka.
Laraba, asuba. Kamar babu bambanci. Na yi murna.
Alhamis, asuba. Ya dawo. Na lura in yana tsaye shi kaɗai yana ɗan tura ƙafar gaba, ya jingina nauyinsa a kan ta dama.
Juma'a, asuba. Haka.

Wataƙila haka yake tsayuwa tun da can ban lura ba. Na duba shafukan bara ban ga na rubuta ba, amma rashin rubutawa ba shaida ba ce.

Kawu, ka rubuto mini layi ɗaya kawai. Watan sama kake nufi, ko wata sukuwa? Lawwali ya ce zai zo da mota ranar Juma'a mai zuwa ya ɗauki doki ya kwana a Rabah. Ina roƙo amsarka ta riga shi isowa.

Ɗanka,
Shafi'u


Wurno,
Juma'a, 15 ga Nuwamba

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta sa shiru, ba akasinta ba. A gaida Inna Sabuwa. Mu nan jikinmu lafiya.

Kwana bakwai ke nan da na ba Sa'adu takarda, ban ga amsa ba, ban ga Sa'adu ba. Kullum in na tashi daga aiki sai na bi ta tasha. Wasu sun ce motarsa tana gareji a Sakkwato, wasu sun ce ya koma hanyar Isa. Ban sani ba ko takardar ta iso ka. Wannan zan ba wani mai ɗaukar albasa.

Ranar Talata na kira wayar Inna Sabuwa na roƙe ta ta tambaye ka. Ina jin ta tana ɗaga murya a kunnenka, tana cewa Shafi'u na tambaya batun wata. Na ji ka ce abin da ka rubuta shi ke nan, ko ban iya karatu ba ne. Sai layi ya yanke.

Ranar Laraba na kawo malamin dabbobi. Ya iso wajen ƙarfe ɗaya, bayan mun dawo daga gulbi. Ya sa na ja dokin gaba da baya, ya shafa ƙafar, ya ce shi bai ga komai ba, amma in ina shakka hutu ba ya cutar da doki. Na ce ya rubuta mini hakan. Ya ce ba zai rubuta ciwon da bai gani ba.

Yau da hantsi Lawwali ya iso da a-kori-kura da direbanta. Ya same ni zaune a kan kujera bakin ƙofar barga. Na sa mata kwaɗo tun da safe, makullin yana aljihuna. Ban taɓa rufe ta ba tun da aka gina ta.

Ya dubi kwaɗon, ya dube ni. "Wasa kake?"

Na ce, "Kawu ya ce sai an yi wata. Yau kwana goma sha uku."

"Na aika mai da saƙo tun Litinin cewa Bikili zai gudu. Da bai so ba da ya hana. Yanzu haka ƙila shina hanyar Rabah."

"Ni bai rubuto mini ba."

"Shafi'u, buɗe."

Na ce ba zan buɗe ba. Bikili ya ji muryar Lawwali ya yi haniniya daga ciki, ya shiga bugun ƙasa, kuma wallahi da ƙafar hagun yake bugu. Lawwali ya nuna ƙofar ya ce, "Ji gurgun naka."

Maƙwabta suka fara leƙowa. Lawwali ya ce sunansa ne a takardar masu hawa, shi za a yi wa dariya. Ya ce shekara goma sha biyu yana bisa doki, ni ko jaki ban taɓa sukuwa da shi ba. Duk gaskiya ne, ban musa ba. Sannan ya ce, "Kawuna ne, uwa ɗaya uba ɗaya da uwata. Kai sai an zauna an yi ta ƙirga kakanni kafin a gano inda ka shigo."

Wannan ma ban musa ba. Ya ɗauko dutse ya nufi kwaɗon. Ban san lokacin da na miƙe na dafa kwaɗon da hannuna ba. Na ce in zai fasa, ya fasa da hannun. Muka tsaya haka. Direban ya ce, "Lawwali, bari, gidan mutane ne." Sharifa tana bakin ƙofar ɗaki tana kallonmu. Can ya jefar da dutsen. Ya ce daga yau kada in sake kiran wayarsa, ya shiga mota suka tafi.

Bayan tafiyarsu na buɗe na shiga na shafa ƙafar. Sanyi ƙalau. Na daɗe tsaye a wurin.

Kawu, na bi maganarka yadda na karanta ta. In na yi kuskure, kuskuren karatu ne. Da asubar yau ɗumin yana nan, na rubuta.

Ɗanka,
Shafi'u


Goronyo,
Lahadi

Shafi'u,

Salamu alaikum. Lahiya muke. Ina fata kuna lahiya.

Takardunka biyu yau sunka iso tare. Ta farkon ta kwana tara cikin motar Sa'adu a gareji. Na karanta su duka, amma sun iso bayan an gama.

Tun Juma'a na tahi Rabah, na kwana gidan wani tsohon abokina. Da gwiwar nan na hau mota. Asabar Abdulƙadir da kanshi ya kama hannuna ya zaunar da ni kusa da shi cikin rumfa, ya sa anka kawo min ruwa. Anka shiga zagayawa da dawaki gaban mutane. Ina ƙirgawa, goma sha huɗu, ban ga nawa ba. Sai ga Lawwali a ƙasa, da takalmin gida. Ya duƙa ya yi magana ban ji ba. Ya sake ban ji ba. Na ukun sai da ya buɗe murya, duk rumfar ta ji kafin ni: Shafi'u ya sa ma doki kwaɗo.

Abdulƙadir ya ce wani abu. Ban ji mi ya ce ba, na dai ga bakinshi, na ga mutane suna dariya suna kauda kai. Na zauna har anka gama, don tashi ya hi zama muni. Dokinshi ya ci. Na ga gudun, Bikili ya hi shi nesa ba kusa ba.

Wata sukuwa nike nuhi. Ina maganar ta Magarya na ce sai an yi wata, mi ya kawo sama ciki? Zamaninmu doki na gudu wagga Juma'a shi sake gudu mai zuwa. Kwana goma sha huɗu hutu ne har da ƙari. Malamin dabbobi ya duba bai ga komi ba, mai hawa ya duba bai ga komi ba, sai kai da agogo.

Shekaruna saba'in da ɗaya. Ban san ko zan sake zama rumfar nan ba.

Lawwali zai zo da mota ran Laraba. Ka ba shi doki da sirdi da linzami. Akwai sukuwar Gwadabawa ƙarshen watan ga, daga nan za mu kai shi. Littafin ka riƙe abinka.

Mode


Wurno,
Laraba, 20 ga Nuwamba

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna Sabuwa. Na ji kun koma gida lafiya, na gode Allah. Mu ma lafiya, sai Rumaisa da ta ƙi karyawa tun da ta ji za a tafi da Bikili.

Ga dokinka nan tare da Lawwali, da sirdi da linzami da buhu biyu na harawar da ya saba ci. Na shimfiɗa yashi a bayan motar, na roƙi direban ya bi a hankali wajen ramukan da ke bayan Wurno. Lawwali bai yi mini magana ba, ni ma ban matsa masa ba.

Abin da ya same ka a rumfa ni na jawo shi. Tun Lahadi nake ganinka zaune a wurin. Ka yafe mini wannan.

Akwai kuma abin da na ɓoye. Na rubuta maka cewa ranar Talata layi ya yanke. Bai yanke ba. Bayan ka ce ko ban iya karatu ba, na ji ka ƙara da cewa, "In an yi ta a kai shi mana." Ta ka ce. Ba a ce wa watan sama ta. Kafin Inna Sabuwa ta maimaita mini, na kashe wayar, na bar ta a kashe har washegari. Saboda haka ranar da na sa kwaɗo na san abin da kake nufi. Na fake da kalmarka ne don ba ni da ƙarfin halin cewa ni ne na hana. Na ce wa Lawwali umurninka nake bi, na rubuta maka cewa kuskuren karatu ne. Duka biyun ƙarya ne. Ko a littafi ban rubuta maganar wayar ba, kuma shi ne karo na farko da na tsallake wani abu da gangan.

To yanzu ga tawa maganar, ba tare da na jingina ta da kowa ba. Ƙafar nan ba lafiya take ba. Asuba goma sha takwas na taɓa ta, goma sha biyar da ɗumi. Ban san sunan ciwon ba, ban san ko kwana talatin za su isa ba. Mai yiwuwa da ya yi gudun Rabah ya ci ya dawo lafiya, ni na hana ka ranar da kake jira shekara da shekaru. Wannan tunanin bai bar ni ba, ba na kuma jin zai bar ni. Amma da za a maido ni Juma'ar nan, zan sake rufewa, sai dai in ce da Lawwali ni ne.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada ka taɓa ƙafar da rana, kowa da rana yake taɓawa. Gobe in ka fito daga masallaci da asuba, kafin a kwance shi, kafin ya yi taku ɗaya, ka sa hannun dama a ta dama, na hagu a ta hagu, a lokaci guda. Hannunka ya fi nawa sani. In ba ka ji komai ba, ka kai shi Gwadabawa, ni kuma ba zan sake cewa uffan a kan doki ba.

Ɗanka,
Shafi'u


Goronyo,
Alhamis

Shafi'u,

Salamu alaikum. Mun kwana lahiya. Doki ya iso jiya bayan azahar. A ce ma Rumaisa ta ci abincinta.

Na karanta takardarka. Batun waya ban ji daɗi ba. Sabuwa ta ce dama ta san ba layi ba ne, don ta sake kira sau biyu. Mutum shi hana ni abu gaba da gaba ya hi min sauƙi. Wagga magana ba ta mutu ba, za mu yi ta in mun haɗu.

Yau da asuba na tahi wurinshi. Sai da Lawwali ya riƙe ni kafin na iya duƙawa. Na sa hannu biyu yadda ka ce. Ban ɗaga da wuri ba. Na ce ma Lawwali shi ma shi sa. Ya sa, ya miƙe, ya tahi can gefe ya tsaya.

Ba ɗumi kaɗai ba. Tsayuwar mota ta hito da shi, jijiyar ta tasa kamar kaurin yatsa. Na taɓa ganin irin wanga sau ɗaya, ga dokin wani mutumin Lahodu. Sunka ce ba komi, sunka sa shi gudu, a zagaye na biyu ya kife. A hilin anka yanka shi.

Na aika Gwadabawa a cire sunanshi. Ba wata ɗaya ba, wanga sai ya ga damina a ɗaure, in Allah ya sa ya warke.

Ya ƙi cin dawa tun jiya. Na jiƙa dusa da kanwa ya sunsuna ya juya kai. Lawwali ya ja shi zuwa ruwa ya toge a bakin gaɓa. Ban san mi kake ce mai ba in za ku shiga.

Ba zai sake hawa mota ba da ƙafar nan, don haka ba ni iya maido ma da shi. Kai za ka zo. Ka nemi hutu wurin aikinka, ko na sati biyu ne, ka nuna muna yadda kake yi. Sabuwa ta share ɗakin zaure. Motar Sa'adu ta gyaru, shina tashi daga Wurno ƙarfe bakwai ran Asabar. Na ce shi aje ma kujerar gaba.

Kawunka,
Mode